Takardar Gwaggo da Gishirin Shinkafi

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tuƙe cikin shekarar 1929. Gyaɗa da auduga da fatu ne suka jawo shi, kuma da kasuwar gyaɗa ta mutu, shi ma ya bi bayanta sannu a hankali. Yanzu mai zuwa Ƙaura mota yake shiga a Gusau, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, kuma babu direban da ke son rana ta karkata yana kan hanya. Ba a tambayar dalili. A cikin motar, da wuya ka sami wanda bai san wani da aka taɓa tarewa ba.

Da hantsi na sauka, farkon hunturu, ana ta kai amfanin gona gida. Garin Namoda ne, jarumin Alibawa da aka ci Alƙalawa da shi a 1808, amma abin da baƙo zai fara gani yau shi ne ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya, da 'yan kabu-kabu, da mutanen ƙauye da suka baro gonakinsu suka raɓe a gidajen 'yan'uwa.

Gwaggona ce ta aiko a kira ni. Na tarar da yara sun kewaye murhu suna jin ɗumi, ita kuwa tana bakin ƙofar ɗakinta da mafici a hannu, gumi na tsattsafo mata. Ta rame ƙwarai, alhali matan gidan sun ce ta fi kowa cin tuwo. Da ta miƙo mini kofin ruwa, sai da rabinsa ya kusa zubewa don karkarwar hannu. Idanunta sun ɗan firfito, wuyanta ya cika, amma ba irin babban maƙoƙon nan mai reto ba.

Ciwon ya sha fassara. Wasu sun ce hawan jini ne, wasu sun ce firgita ce tun daren da aka kwana ana jin harbi, wasu suka ce sammu. Akwai tabon tsagar wanzami a gefen wuyanta. Daga baya wani likita a Gusau ya ɗebi jininta, ya ce tsokar wuyanta ce ke aiki fiye da kima, ya ɗora ta kan ƙwayar kabimazol. Ta sha fiye da shekara, ta murmure, aka tsayar da maganin, ciwo ya dawo, aka mayar da ita kan ƙwayar. Likitan ne ya rubuta mata takarda.

"Ɗana, duba min takardag ga," in ji ta. "Likita ya ce sai Abuja. Mi za a yi min can da ba a iyawa Gusau?"

Na ce, "Gwaggo, awo ne za a fara yi, sannan magani."

"Awon jini kuma? Ai sun ɗiba har na gaji."

Ba na jini ba ne, kuma bayaninsa ya ci mana har azahar.

A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai ɓari biyu da likitoci ke kira tayirod, nauyinta bai cika wuce giram 20 ba. Ita ke haɗa sinadarin da ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da kaifin ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin, don haka kullum tana tsince aidin daga cikin jini tana tarawa. Babban mutum na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki kuwa 250. Wannan kwaɗayin nata shi likitoci suka mayar ma'auni. Idan aka ba mutum aidin da za a iya bin sawunsa daga waje, sai a ga nawa tsokar ta kama cikin yini guda.

Irin wannan aidin shi ne aidin-131, mai fitar da hasken nukiliya da ido ba ya gani. Glenn Seaborg da John Livingood ne suka samar da shi a Jami'ar Kalifoniya a 1938, kuma a 1941 likita Saul Hertz na birnin Boston ya fara yi wa masu irin ciwon gwaggo magani da aidin mai haske. Jiki ba ya bambanta shi da aidin na abinci. Inda wancan ya je, nan wannan zai je.

Ga yadda ake yi. Kafin a ba marar lafiya kafson da ke ɗauke da aidin ɗin, sai an sa shi cikin wani wuyan roba da aka ƙera daidai kaurin wuyan mutum, a saita masa na'ura ta ƙirga hasken da yake fitarwa. Wannan lamba ita ce ɗari bisa ɗari. Sai mutum ya haɗiye kafson da ruwa, cikinsa ba abinci, ya tafi abinsa. Bayan awa 4 zuwa 6 ya dawo, ya zauna kan kujera ya ɗaga haɓa, a nufo wuyansa da bakin na'urar daga tazarar kamar santimita 25, a ƙirga na 'yan mintoci. Sannan a juya ta kan cinyarsa a sake ƙirgawa, domin a cinya babu tayirod, abin da aka samu can na aidin da ke yawo cikin jini ne, sai a cire shi daga lissafin wuya. Washegari, awa 24 cif da haɗiyar kafso, a sake. Babu allura, babu yanka, kuma na'urar ba ta harba komai cikin jiki, karɓa kawai take yi.

Inda mutane ke samun isasshen aidin a abinci, lafiyayyen wuya kan kama kashi 10 zuwa 30 cikin 100 a awa 24. Mai cutar Graves, wadda alamun gwaggo suka fi kama da ita, wuyansa kan haura kashi 50. Akwai kuma wanda zai zo da gumi da faɗuwar gaba da rama iri ɗaya sak, a auna shi a ga ko kashi 5 bai kama ba. Shi tsokarsa ba aiki take yi da yawa ba, kumburi ta yi tana yoyon abin da ta tara, kuma sau da yawa da kansa yake lafawa. In aka ba wannan na biyun maganin na farko, an yi aikin banza. Awon jini shi kaɗai bai cika raba su ba. Ga wadda za a yi wa magani da aidin ɗin kansa kuwa, kamar gwaggo, lambar ce ke taimaka wa likita ya san yawan da zai ba ta: wuya mai kamawa da yawa kaɗan ya ishe shi.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi abin da ya dame ta tun farko, wato wa zai raka ta. Babban ɗanta na Shinkafi yana kasuwanci, 'yarta na aure a Zurmi, kuma magana irin wannan ba a gama ta a waya. Ni aka ɗora wa zuwa.

Na nufi Shinkafi ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci. Motoci ba sa tashi ɗai-ɗai, sai sun taru sun bi juna, kuma da an wuce Moriki hira takan ragu a mota. Wani dattijo kusa da ni bai saki carbinsa ba har muka ga rufin kwanon gari. Kasuwar Shinkafi tsohuwar mahaɗa ce ta Zamfarawa da Gobirawa da Buzaye da fataken Maraɗi, kuma duk da abin da ya same ta, har da rufe kasuwannin mako da gwamnatin jiha ta yi a 2021, ranar Alhamis ba ka rasa raƙuma da shanu da albasa da busasshen kifi.

Ɗan gwaggo na da rumfa kusa da layin masu gishiri, kuma ina jiransa ya sallami masu ciniki na zagaya layin. Ga gishirin leda na kamfani, fari tas, da tambarin aidin a jikinsa. Ga na buhu da ake aunawa da tiya, a buɗe cikin rana da ƙura tun safe. Ga kantu na Balma da aka yi domin dabbobi, ga manda, ga kanwa iri-iri. Matar ƙauye da ta sayar da 'yar akuyarta za ta tsaya nan ta zaɓa, kuma araha za ta bi, ko ɗanɗanon da ta saba da shi tun gidan uwarta. Ba ta san tana zaɓar lambar da na'urar Abuja za ta nuna ba, in wata rana ta kai ta can.

Aidin a teku ya fi yawa. Ƙasar da ke nesa da teku, wadda ruwan sama ya daɗe yana wankewa, hatsinta da ruwan rijiyarta ba su da shi sosai, kuma kifin gulbi bai kai na teku ba. Gero ma, abincinmu na kullum, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin sarrafa aidin idan dama ya yi ƙaranci. Rogon da ba a jiƙa shi da kyau ba haka yake. Tsokar da ta rasa aidin sai ta yi ta girma don ta kama ɗan abin da ke wucewa, shi ne maƙoƙon da kakanninmu suka sani, wanda a wasu ƙauyuka ba a ma ɗaukarsa ciwo. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, lokacin kusan mutum ɗaya cikin biyar na yaran da aka duba na da kumburin wuya. Hukumar NAFDAC, musamman zamanin Dora Akunyili, ta matsa wa kamfanoni da 'yan kasuwa, har Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka ba shaidar cewa gishirinta ya wadatu da aidin. Ma'aikatan lafiya na da wani ɗan ruwa da suke ɗigawa kan gishiri, in da aidin sai wurin ya rine ya koma shuɗi. Amma doka a tashar jirgin ruwa da masana'anta take da ƙarfi. Kantun da ya shigo ta daji a bayan raƙumi bai san da ita ba, kuma gishirin da ya jiƙa ya bushe a buɗe yakan yi asarar wani abu daga aidin ɗinsa.

To wuyan da ya daɗe yana yunwar aidin, in aka ba shi kafson awo, wawura zai yi. Sai a ga kashi 40 ko 50, alhali mai shi ba ta da cutar Graves, gishiri mai kyau kawai take buƙata. Akasin haka kuma na faruwa. Wanda jikinsa ya ƙoshi da aidin, ko don an yi masa hoton ciki da ruwan allurar nan mai aidin, ko yana shan maganin zuciya na amiyodaron, ko an daɗe ana wanke masa gyambo da aidin, wuyansa ba zai kula kafson ba, sai lamba ta faɗi ƙasa ko da ciwon na nan. A Amurka ma, cikin shekarun 1960, likitoci sun lura lambar masu lafiya ta sauka daga yadda littattafansu suka ce, da aka bincika sai aka ga aidin ne ya ƙaru a abincinsu, har cikin burodi. Ke nan kashi 10 zuwa 30 ɗin nan ba saukakke ba ne, ya danganta da tukunyar gidan da mutum ya fito. A ganina, likitan da zai karanta lambar matar Shinkafi bai tambaye ta wane gishiri take sa wa miya ba, kuma bai haɗa da awon jininta ba, rabin aiki ya yi.

Akwai wani juyi kuma da ya kamata masu tsohon maƙoƙo su sani. Wuyan da ya shekara talatin cikin yunwa yakan yi ƙulli-ƙulli, wasu ƙullin ba sa jin umarnin jiki. Ranar da aidin ya wadata sai su kama aiki ba birki. An ga haka a Zimbabuwe cikin shekarun 1990 bayan an fara sa aidin a gishiri, masu ciwo irin na gwaggo suka ƙaru na wani lokaci. Wannan bai zama hujjar gudun gishirin leda ba, don amfaninsa ga masu ciki da jarirai ya rinjayi komai. Dalili ne dai na a riƙa duba tsofaffin da suka fara rama da faɗuwar gaba, kada a ce tsufa ne kawai.

Ɗan gwaggo ya ce zai je, amma yana son ya san kwana nawa, don rumfa ba ta tsaron kanta. Na ce sai na dawo daga Zurmi.

Sai da na koma ta wajen Ƙaura kafin na kama hanyar Zurmi, wadda ke zarcewa har Jibiya ta jihar Katsina ga mai ƙarfin hali. Zurmi garin sarauta ne mai tsohon tarihi, amma yau an fi jin sunansa a labaran hare-hare. A babban asibitin garin, kamar na Shinkafi, likitocin agaji na MSF sun daɗe suna fama da tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara. Wanda ya ga layin uwaye a wurin ba zai buɗe baki ya ce a kawo na'urar nukiliya Zurmi ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Shekara da shekaru, asibitocin gwamnati biyu aka sani da wannan aiki a Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda ya buɗe cibiyarsa a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Sakkwato da Kano da Zariya duk suna da manyan asibitocin koyarwa, kuma na'urar awon wuya ba ta cikin kayan asibiti masu tsadar gaske. A Zariya ma akwai tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, sai dai ƙarama ce, kimanin kilowat 30, don nazarin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai aka yi ta, ba za ta iya ciyar da asibitoci ba. Maƙwabtanmu na Nijar na da cibiyarsu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, amma daga nan Yamai ba ta fi Abuja kusa ba.

Tunda ba a samar da shi a gida, aidin-131 daga ƙasashen waje ake kawo shi ta jirgin sama, kuma kaya ne da ba ya ajiyuwa. Duk kwana 8 rabin ƙarfinsa ke tafiya: bayan kwana 16 saura rubu'i, bayan 24 saura sumuni. Asibitin da ya yi odarsa kamar mai tallan ƙanƙara yake a watan bazara, ko an saya ko ba a saya ba kayansa na raguwa. Dole a tara marasa lafiya a sa musu rana ɗaya. Ita kuma gwaggo dole ta dakatar da kabimazol kwanaki kafin ranar, bisa umarnin likita, don maganin na hana wuya sarrafa aidin. Sai a haɗa wannan da tafiyar fiye da kilomita 500 ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna. In ta bar magani a Ƙaura, ranar tafiya aka wayi gari hanya ba ta biyuwa, to zuciyarta ta koma gudu a banza, kafsonta kuma na can yana lalacewa. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, ko sanar da mutum cewa an ɗaga ranarsa ba zai yiwu ba.

'Yar gwaggo ta tarbe ni da goyo a baya, kuma kafin in gama gaisuwa ta ce, "Yaya, ni za ni bi Inna. Wa zai yi mata wanki da ɗauko ruwa in ba ni ba?"

Na ce, "Ke kam ba ki zuwa, kuma ko ta dawo sai kin ɗan yi haƙuri da ganinta."

Ranta ya ɓaci, sai da na yi mata dalla-dalla. Kafson awo ɗan mitsitsi ne, ba ya hana mutum cuɗanya da kowa, sai dai mai ciki da mai shayarwa su ba a ba su shi sam, don yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, yana kuma fita a nono. Kafson magani kuwa ya ninka na awo sau ɗaruruwa. Shi ne zai taru a wuya ya ƙone ɓangaren tsokar daga ciki cikin makonni, ragowar kuma ya fita ta fitsari da yawu da gumi. Na wasu kwanaki, gwargwadon yadda likita ya ƙayyade, ana son wadda ta sha ta kwana ita kaɗai, ta nisanci ƙananan yara da masu ciki, ta ware kofinta da cokalinta da butarta, ta sha ruwa da yawa, a kuma kwarara ruwa sosai a bayan gida in ta shiga.

Wanda ya tsara waɗannan ƙa'idoji yana tunanin gida mai ɗaki da bayi ga kowane mutum. Gwaggo kuwa jikoki uku ke kwana a gadonta. Furarta ludayi ɗaya ne ke zagayawa, ta sha ta miƙa wa na kusa, kuma ƙaramin cikinsu ba ya cin nama sai ta tauna masa. Ka ce wa irin wannan tsohuwa ta kori jikanta daga cinyarta na mako guda, ba ƙaramin abu ka nema ba, kuma in ba a yi wa mutanen gida bayani ba, gobe za ka ji an ce ciwon nata mai yaɗuwa ne. Bayan haka akwai sauran aiki. Da yawa daga waɗanda aka yi wa wannan magani tsokarsu kan yi sanyi fiye da yadda ake so, sai su koma shan ƙwayar tayiroksin guda kowace safiya har iyakar rayuwa, da awon jini lokaci-lokaci. Likitoci sun fi son haka, don ƙarancin ya fi yawan sauƙin sarrafawa, kuma ƙwayar ana samunta a Gusau.

Da na koma Ƙaura aka zauna da ɗan gwaggo a waya da kishiyarta a gefe, aka yanke shawara. Ba za ta bar maganinta a gida ba. Za su sauka wajen wani ɗan'uwa a Suleja tun da sauran kwanaki, sai sun tabbatar da rana daga bakin asibiti sannan ta dakatar da shi a can. Bayan an ba ta kafson magani za ta ƙara kwanaki a ɗakin baƙi kafin ta hau motar haya ta matsu da mutane. Jikoki za su koma ɗakin kishiya, wadda ta ce ta yarda in dai za a bar mata rediyon gwaggo. Da aka lissafa kuɗin mota da na awo da na magani da abin da za a riƙa wa masu masauki, sai aka ga ragon da take kiwo domin layya shi za a kai Kasuwar Daji, a ƙara da buhun wake biyu.